Lambobin Farfesa da Gigin Tsufa: Me Ake Aunawa Idan Aka Ce Mai Bincike Ya Yi Tasiri?

Duk shekara idan jerin sunayen nan da ake jingina wa Jami'ar Stanford ya fito, wanda ake cewa na masana kashi 2 cikin 100 ne da suka fi tasiri a duniya, sai wayoyin 'yan boko a Kano su cika da hotunan taya murna. Farfesa wane ya shiga, Dakta wance ta shiga. A ƙasan hoton ga lambobi reras: an ambace shi sau dubu kaza, lambarsa ta h ta kai kaza. Jama'a su yi ta zuba "Masha Allah" da "Allah ya ƙara ɗaukaka", kuma abin a yi murna ne. Sai dai da wuya ka sami wanda zai iya gaya maka abin da lambar ta auna, ballantana abin da ta bari a waje.

Na ɗauki fannin masu binciken tsufa, da gigin tsufa, da cutar jijiyoyin nan da likitoci ke taƙaita sunanta su ce MS, domin a nan ne tazarar da ke tsakanin lamba da amfani ta fi fitowa fili. Cututtuka ne masu tafiyar hawainiya, kuma binciken da ake yi a kansu haka yake tafiya.

Ambato shi ne tushen komai. Idan mai bincike ya wallafa muƙala a mujallar ilimi, wani ya zo daga baya ya sa sunanta cikin madogararsa, an ambace ta sau ɗaya ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa ƙirga wannan a 1955, ya kuma fito da kundin ƙirgen a 1964. Yau aikin yana hannun rumbunan intanet irin su Scopus da Web of Science da Google Scholar, kuma kowannensu da irin nasa lissafin. Google Scholar yana tattaro har kundin digiri da takardun taro, shi ya sa lambarsa ta fi kumbura, shi ya sa kuma ita aka fi son ɗorawa a kan hoton taya murna.

Lambar h ta zo a 2005 daga wani masanin kimiyyar fizis, Jorge Hirsch, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. Idan aka ce lambar mutum ta h ita ce 30, ana nufin yana da muƙaloli 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Dabara ce mai kyau, domin ba ta barin mutum ya yi suna da muƙala ɗaya tak, ba ta kuma barinsa ya yi suna da tarin takardun da ba mai karantawa. Amma ba ta taɓa sauka, ko da mutum ya ajiye aiki shekara 20. Tana fifita dattijo a kan matashi, da mai aiki a fanni mai cunkoso a kan mai aiki a fannin da masanansa ba su cika aji ɗaya ba. Akwai kuma manyan rahotannin ƙididdigar cututtuka na duniya da ke fitowa da sunayen marubuta ɗaruruwa, kowa a cikinsu ya kwashi ambaton gaba ɗaya kamar shi kaɗai ya rubuta. In an yi adalci, John Ioannidis da abokansa masu haɗa jerin na Stanford suna ƙoƙarin tace wasu daga cikin waɗannan, suna ware ambaton da mutum ya yi wa kansa, suna duba matsayin sunansa a jerin marubuta. Duk da haka daga Scopus suke ɗiba, kuma mujallun Afirka da yawa ba sa cikinsa.

Mutumin Kano ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Malaman hadisi sun daɗe da rarrabe tsakanin abin da ya shahara a bakin mutane da abin da ya inganta. Ba yawan masu ruwaito magana suke dubawa kaɗai ba, sai sun bi mai ruwayar sun ga amanarsa da kiyayewarsa. Ƙirgen ambato shahara yake aunawa, ba ya duba isnadi. Misali mai ɗaci yana cikin fannin nan da muke magana a kai. A 2006 mujallar Nature ta wallafa wata muƙala da ta ce an gano wani nau'in sinadarin amiloyid da ke lalata tunanin ɓeraye, abin da aka ɗauka babban haske ne a kan cutar Alzheimer, wato nau'in gigin tsufa da ya fi yawa. An ambace ta sama da sau 2,000. A 2022 mujallar Science ta fito da rahoton da ya nuna alamun an taɓa hotunan gwajin, a 2024 kuma aka janye muƙalar. Shekara 18 tana tara lamba, kuma lambar tana nan a rubuce.

Yanzu ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Muƙalolin da aka fi ambata a fannin tsufa yawancinsu ba na gano magani ba ne, na kayan awo ne. A 1975 Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh suka wallafa wani gajeren gwajin ƙwaƙwalwa mai maki 30 da likita zai iya yi cikin 'yan mintoci. An ambace shi sau dubbai masu yawa, yana cikin muƙalolin da aka fi ambata a tarihin likitanci, domin duk wanda ya yi amfani da gwajin dole ya faɗi inda ya samo shi. Tasiri ne na gaske. Amma a kawo gwajin ɗakin duba marasa lafiya a Kano a ga yadda zai kaya.

Tsohuwa ce 'yar shekara saba'in da wani abu daga cikin gari, ɗanta ya kawo ta saboda ta fara mance inda ta ajiye abu. Likita ya ce, "Hajiya, yau nawa ga wata?" Ta ce, "Ai ɗan nan, Sallah ƙarama ba ta yi sati uku ba." Amsar daidai ce, amma takardar gwajin watan Bature take nema, sai maki ya faɗi. Ya ce ta cire 7 daga 100, ta ci gaba da cirewa. Ta dube shi, ta dubi ɗanta. Matar nan shekara 40 tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga cikin gida, ba yaron tallan da ya taɓa cin kwabonta, amma ba wanda ya taɓa tambayarta lissafi babu kuɗi a ciki. Sai a miƙa mata biro a ce ta rubuta jimla, ta karanta umarni, ta kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar-biyar. Ba ta taɓa riƙe biro ba. Kafin a gama ta faɗo ƙasa da maki 24, iyakar da aka saba ɗauka alamar matsala. Mai yiwuwa tana da cutar, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Gwajin bai auna ƙwaƙwalwarta ba, makarantar da ba ta je ba ya auna.

Wanda ya gyara wannan, a ganina, ya fi cancantar a kira shi mai tasiri a wajenmu, kuma Nijeriya na da hannu dumu-dumu a gyaran. A 1992 aka fara wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, ƙarƙashin Hugh Hendrie da Kathleen Hall daga can, da Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi daga nan. Suka bi gida-gida a unguwar Idikan suka tattara tsofaffin Yarabawa kusan 2,500 masu shekara 65 zuwa sama, suka kwatanta su da baƙaƙen fatan Amurka sama da 2,000. Gwajin da suka yi amfani da shi ba ya buƙatar karatu. Ana tambayar tsoho me ake yi da guduma, ina kasuwar unguwa take, a nuna masa gwiwar hannu ya faɗi sunanta. Sannan, kuma wannan ne muhimmi, a zauna da wani na gida a tambaye shi ko ya ga canji a yadda tsohon ke tafiyar da al'amuransa. 'Yar da ke zuba masa ruwan alwala kullum ta fi kowace takarda sanin ranar da ya fara rikita raka'o'i.

Sakamakon ya girgiza masana. Rahotonsu na 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa da gigin tsufa, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Haka nan wani ƙwayar gado da ake kira APOE e4, wanda a Turawa yake ɗaga haɗarin Alzheimer sosai, a Yarabawa ƙarfinsa ya yi rauni. Wato gado kaɗai ba ya yanke hukunci, abinci da lafiyar jijiyoyin jini da yanayin zama suna da ta cewa. Osuntokun ya rasu a 1995, bai ga wannan rahoto ba. Gwajin nasu kuma wata ƙungiyar masana ta ɗauke shi ta yaɗa a Indiya da Sin da Latin Amurka, ƙungiyar da ta sa wa kanta suna 10/66 a 1998 domin ta tuna wa duniya cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na binciken da ake yi a cikin al'umma ne ya shafi ƙasashe masu tasowa, inda kashi 66 na masu cutar suke zaune.

Kada dai mu ɗauki lambar Ibadan mu rataya wa kanmu. Ibadan ba Kano ba ce, kuma 1992 ba yau ba ce. Wani bincike da aka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya sami gigin tsufa a kusan mutum 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba, amma mutanen 'yan ɗaruruwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma hasashen masana ya kai miliyan 153 nan da 2050. A gidajenmu kuwa ba a ɗaukarsa ciwo. "Tsufa ne," in ji mu, mu karanta ayar da ta yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya daina sanin abin da ya sani, mu yi haƙuri. Haƙurin nan abin yabo ne, kuma shi ya sa tsofaffinmu suke mutuwa a ɗakunansu, ba a hannun baƙi ba. Amma ƙarƙashinsa ake binne abubuwan da suke warkewa: ciwon damuwa, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ruɗewar da zazzaɓi ko ciwon fitsari ke kawowa dare ɗaya. Wani lokaci kuma ba haƙurin ake samu ba. Tsohuwar da ta fita da asuba ta ɓata, aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, ba abin mamaki ba ne a ji yara sun bi ta da ihun mayya.

Idan aka tambaye ni wane aiki ne a wannan fanni ya fi dacewa da aljihun mutumin Kano, zan nuna rahotannin kwamitin mujallar Lancet da Farfesa Gill Livingston ke jagoranta. A 2017 sun lissafa abubuwa 9 da za a iya gyarawa, a 2020 suka kai 12, a 2024 suka kai 14, suka ce a ƙa'idance kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa yana da alaƙa da su. Ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, matsalar gani da ba a yi maganinta ba, buguwar kai, gurɓatar iska, kaɗaici da ƙarancin karatu tun ƙuruciya. Wato aikin yanar ido, da hular kwano ga mai babur, da ƙwayar hawan jini da ake sha kullum ba sai kai ya yi ciwo ba, duk suna cikin maganar ƙwaƙwalwa. Binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ana iya danganta ta da hawan jini, kuma jijiyoyin da ke toshewa su kayar da mutum su ne suke cinye tunani a hankali. A ɗaya gefen ga lecanemab, maganin Alzheimer da Amurka ta amince da shi a 2023, wanda ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100 a wata 18. An fitar da shi a kan dala 26,500 a shekara, ban da hoton ƙwaƙwalwa da ake maimaitawa. Muƙalarsa za ta tara ambato ba iyaka. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne, labari kawai zai ji.

Maganar MS ta fi wannan sarƙaƙiya. Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa rufin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa tsinkewa a hanya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya siffanta ta a 1868. Ba cutar tsofaffi ba ce, ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza. Ƙididdigar 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ne ke da ita a duniya, mafi yawa a ƙasashen sanyi. Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa baƙar fata ba ya cika kamuwa da ita, har sai da wani bincike na Annette Langer-Gould a kudancin Kalifoniya ya nuna a 2013 cewa a can matan baƙaƙen fata sun fi fararen kamuwa. Daga nan tambaya ta taso: a Afirka cutar ce ba ta da yawa, ko masu gano ta ne ba su da yawa? Wataƙila duka biyun. Ƙa'idojin McDonald da ake tabbatar da ita da su tun 2001 sun dogara ne da hoton ƙwaƙwalwa da laka na MRI, kuma kowa ya san abin da wannan hoto ke ci a garin nan.

Ga kuma halin cutar kanta, wanda kamar an ƙera shi ne don ya ɓace mana. Tana zuwa ta tafi. Budurwa ta tashi ido ɗaya ya yi dishi-dishi, yana ciwo in ta juya shi. A kai ta kemis, a kai ta wajen mai ruƙiyya. Bayan sati huɗu ko shida ido ya washe da kansa, domin haka cutar take, sai godiya ta tafi ga wanda ya taɓa ta a ƙarshe. Bayan shekara biyu, ta yi aure ta haihu, sai ƙafa ta riƙa yi mata nauyi, tafin hannu kamar ana tsira allura. Wannan karon dangi su ce sanyin jego ne, ko a fara kallon kishiya. Ba wanda zai haɗa idon da ƙafar, kuma haɗa su ɗin shi ne ganewar. Akwai ma wata cuta 'yar uwar MS da ke kama jijiyar ido da laka, wadda sai a 2004 masana a asibitin Mayo na Amurka suka gano alamarta a jini suka raba ta da MS. Ita ta fi yawa a jinsin baƙar fata, kuma wasu magungunan MS suna ƙara tsananta ta.

Babban ci gaban da aka samu a kan sanadin MS ya nuna irin jiran da fannin ke buƙata. A 2022 Alberto Ascherio da Kjetil Bjornevik na Harvard suka wallafa abin da suka samu daga jinin sojojin Amurka sama da miliyan 10 da aka adana tsawon shekara 20. Haɗarin kamuwa da MS ya ninka sau 32 bayan mutum ya kamu da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Cikin masu MS 801 da aka duba jininsu, mutum ɗaya ne kawai ba a ga alamar ƙwayar a jikinsa ba. Abin sha'awa, ƙwayar nan a 1964 aka fara gano ta, daga ƙarin da Denis Burkitt ya siffanta a jikin yaran Yuganda. Kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita, yaranmu kuma tun suna ƙanana suke kamuwa, alhali wanda ya kamu da ita a samartaka har ta kwantar da shi ya fi shiga haɗarin MS. Amsar wani ɓangare na wannan tambaya tana jikin mutanen Fagge da Gwale da Dala, amma ba firjin da ya ajiye jininsu shekara 20. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku cikin jerin magunguna na dole, har da rituximab wanda likitocin ciwon daji suka riga suka sani. Waɗanda suka yi wahalar haɗa hujjojin wannan shawara ba za su tara ambato da ita kamar masu muƙala a Nature ba.

A nan ne nake ganin laifin yadda muke saka wa malamanmu. Kwamitin ƙarin girma a jami'a ƙirga muƙala yake yi. Matashin likita da ke son zama babban malami ya san hanya mafi sauƙi: ya kwaso fayilolin marasa lafiya na shekara biyar, ya fitar da muƙala uku a wata shida, in ya ga dama ya biya wata mujallar da ke buga komai muddin kuɗi ya shiga. Tun 2012 masana suka fitar da sanarwar San Faransisko suna roƙon a daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, a karanta aikin kansa. Karanta aiki kuwa yana cin lokaci, ƙirge ba ya ci.

Wanda zai yi wa Kano irin aikin Idikan sai ya fara da gaisuwa a ƙofar mai unguwa da dagaci, ya sami mata masu tambaya da za su iya shiga cikin gida, ya mayar da gwajin Hausa ya gwada shi a kan masu karatun allo da waɗanda ba su yi kowanne ba, ya nemo hanyar sanin shekarun tsohon da ba shi da takardar haihuwa ta hanyar tambayarsa ko ya yi wayo lokacin da Sarki Sanusi na Ɗaya ya bar gadon sarauta a 1963. Sannan ya dawo bayan shekara biyu, ya sake dawowa bayan biyar, ya tarar wasu sun rasu wasu sun koma wajen 'ya'yansu a Abuja. Duk tsawon wannan lokaci lambarsa ta h tana nan inda take, abokan karatunsa kuma sun zama farfesoshi.